Ruɓar Tsiro A Cikin Ruwa, Da Yadda Ta Ke Kashe Kifi

Cikin ƙararrakin da a kan kawo gaban Hakimai a ƙasashen da ke da tafkuna da fadamu, kaɗan ne su ke ta da hankalin jama'a kamar ƙarar mutuwar kifi. Gari ya waye, mata su je ɗiban ruwa, su tarar bakin tafki ya yi fari fat, kifi duk ya juya ciki sama. Kafin hantsi an riga an sami wanda za a ɗora wa laifi, ko masuntan ƙauyen ƙetare, ko baƙon da ya sauka shekaranjiya, ko mai lambun da aka gani da famfon feshi. Wani lokaci zargin gaskiya ne. Amma sau da yawa ba wanda ya zuba kome. Ciyawar da ke cikin ruwan ce ta ruɓe, ta shanye iskar da kifi ke numfashi da ita. An shirya wannan darasi domin Hakimai da Malamansu su san yadda abin ya ke aukuwa, su kuma iya rarrabe shi da guba tun magana ba ta kai ga sanda ba.

Tafki yana da faɗi da zurfi, ba a ganin abin da ke gudana a ƙarƙashinsa. Sabo da haka ya fi sauƙi a fara da akwatin kifi na gilashi, irin wanda a kan gani a makarantu da ofisoshi da gidajen masu sha'awa. Akwatin nan tafki ne ƙarami wanda aka ɗora bisa tebur. Duk abin da ke aukuwa cikin babban tafki a ɓoye, a nan ido na ganinsa.

Abin Da Wani Bature Ya Gano

A shekara ta 1849 wani masanin haɗa magunguna a birnin Landan, mai suna Robert Warington, ya sami wani babban tulun gilashi mai cin galan 12. Ya zuba ruwa, ya sa ƙasa da yashi a gindinsa, ya dasa wani tsiron ruwa mai dogayen ganye sirara da a ke kira Balisneriya, sa'an nan ya saki ƙananan kifaye biyu masu launin zinariya. Nufinsa ya gwada ko tsiro da kifi za su rayar da juna ba tare da an sake musu ruwa ba. Da fari abin ya yi kyau. Daga baya tsofaffin ganye suka fara ruɓewa, ruwa ya gurɓace, gansakuka ya rufe jikin gilashi. Sai ya saka 'yan dodon koɗin ruwa, suka cinye ruɓaɓɓen ganyen, ruwa ya koma garau. Ya bayyana wannan gwaji ga taron masana a 1850. Watau ke nan tun ran da aka fara ajiye kifi da tsiro cikin gilashi, ruɓar ganye ita ce wahala ta farko da aka gamu da ita.

A nan akwai gargaɗi, kada wani malamin makaranta ya ji labarin nan ya aiki yara rafi su kwaso dodon koɗi. A cikin ƙananan dodon koɗin ruwayen ƙasar nan akwai masu ɗauke da tsutsar tsargiya, watau fitsarin jini. Tsutsar tana fita daga jikinsu ta shiga fatar wanda ya taɓa ruwan. Dabarar da ta yi wa Bature amfani a Landan tana iya sa wa yaro ciwo a Haɗejiya.

Tushen maganar duka shi ne iska. Kifi yana numfashi kamar kowace dabba, sai dai shi yana tace tasa iskar daga cikin ruwa, da jan naman nan da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa. Iskar da ya ke bukata ita ce wadda masana ke kira oksijin, kuma kaɗan ce ƙwarai cikin ruwa. In an auna ruwa da iskar sarari da mudu ɗaya, oksijin ɗin da ke cikin ruwan wajen kashi ɗaya ne cikin 30 na wanda ke cikin iskar. Kuma zafi yana rage shi. Lita ɗaya ta ruwan daɗi tana riƙe wajen miligiram 9 in zafinta digiri 20 ne a ma'aunin Selshiyas, amma in ya kai digiri 30 sai ya sauko wajen 7 da rabi. Yawancin kifi suna son ya kai 5, in kuwa ya faɗo ƙasa da 2 to, mutuwa ta matso.

Tsiro mai rai yana ba ruwa oksijin muddin akwai haske. In dare ya yi sai ya daina bayarwa, ya koma yana sha tare da kifi. Mataccen tsiro kuwa ba ya ba da kome. Waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda a ke kira bakteriya, su ne ke ruɓar da shi, kuma dare da rana su ke shan oksijin suna wannan aiki. Ban da haka ruɓar tana sakin amoniya, abin nan mai zarni da a ke ji a makewayi, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke ƙona jan naman numfashin kifi.

Me Ke Ruɓar Da Kara

Tsire-tsiren da suka fi ba masu akwati wahala su ne masu kara, watau waɗanda ke tashi tsaye da gaɓa-gaɓa kamar karan dawa, ganye na fita daga kowace gaɓa. Masu sayarwa suna kiransu da sunayen boko, kamar Kabomba da Ijeriya da Haigirofila da Ludwigiya. Kusan kullum ruɓarsu daga ƙasa ta ke somawa. Kai yana nan kore shar, amma gindi ya yi ruwan ƙasa, ya yi laushi, ya yi yauƙi, har wata rana a wayi gari karan ya tsinke yana yawo a saman ruwa.

Babban dalili shi ne rashin haske a gindi. A kan sayar da su a dami, kara shida ko takwas an ɗaure da roba ko da ɗan dalma. Mai saye ya kan cusa damin cikin yashi yadda ya ke, don ya ga ya fi kyan gani. Kowane manomi ya san abin da ke samun gero in ba a cire shi ba. Ga ɗauri ya murje karan, ga ganyen sama sun yi wa na ƙasa inuwa, ga ruwa ba ya ratsawa tsakani. Ganyen da ba ya samun haske tsiro ya kan janye abincinsa daga gare shi ya bar shi ya mutu, daga ganye kuma ruɓa ta kama kara.

Yashi ma yana da nasa laifi. In ya yi laushi ƙwarai, aka kuma tara shi da kauri, ruwa ba ya ratsa shi, sai ƙarƙashinsa ya yi baƙi. In an soka tsinke kumfa ta taso da warin ruɓaɓɓen ƙwai, to, saiwa ba za ta rayu a wurin ba. Tsakuwa ƙanana, kamar ƙwayar gero ko dawa, mai kaurin inci 2, ta fi. Akwai kuma tsiron da ba a binne shi ko kaɗan, shi ne Seratofilum, mai ganye tsinke-tsinke kewaye da gaɓa, wanda a kan samu har cikin tafkunan ƙasar nan. Ba shi da saiwa sam, duk abin da aka tura cikin yashi daga jikinsa ruɓewa zai yi. A bar shi ya yi ta yawonsa.

Zafi kuwa, mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Ijeriya, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta fi son ruwa mai sanyi-sanyi, a kwanakin bazara sai ta narke kamar an dafa ta. Haigirofila ta fi ta jimiri. Mai hankali ya kan zaɓi abin da zai jure ɗakinsa, ko da bai kai wani kyau ba.

Amma fa ba kowace zubar ganye ce ciwo ba. Da yawa daga tsire-tsiren nan a gonar masu sayarwa kansu a waje ya ke, gindi kaɗai ke cikin ruwa. In an nutsar da su sai tsofaffin ganyen su zube cikin mako biyu ko uku, sababbi masu wata siffa su fito. A latsa karan da yatsa. In yana da ƙarfi, ga kuma toho a kai, haƙuri kawai a ke bukata, da kwashe ganyen da suka zube. Launin ganye kuma yana faɗin irin yunwar da tsiro ke ji. In tsofaffin ganye ne suka fara yin rawaya, sinadarin naitirojin ya rasa, in kuwa sababbin ne ke fitowa fari-fari, ƙarfe ya rasa.

Maganin karan da ya riga ya ruɓe ɗaya ne, kuma ba a sayensa a kanti. Abin da ya yi laushi ba ya komowa. A tumɓuke tsiron a hankali, a sa almakashi mai kaifi a yanke sama da inda ruɓa ta tsaya, cikin lafiyayyen kara, ɗan ƙasa da gaɓa. A riƙe kan mai tsawon inci 4 zuwa 6, a yar da gindin. A tsige ganyen gaɓa biyu na ƙasa, don ganyen da aka binne shi ne mafarin wata ruɓar. Sa'an nan a dasa kowane kara shi kaɗai, da tazarar inci ɗaya ko fi, daga gaɓoɓin da aka binne sabuwar saiwa za ta fito. Wanda ya gajarce ƙwarai a bar shi a saman ruwa kusa da haske har ya yi saiwa. Bayan wannan a zuƙe dattin gindin akwati da siririn tiyo, a sake sulusin ruwan, a riƙa sake rubu'i kowane mako. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗaɗɗen bokiti tukuna, sabo da maganin da a ke sa masa. Haske na sa'a 8 zuwa 10 ya isa, kuma kada a ajiye akwati inda rana ke dukansa. In wutar lantarki ta ɗauke, injin kumfa ya tsaya, a dakatar da ba kifi abinci, a riƙa ɗiban ruwan da moɗa ana kwarara shi daga sama.

Abin da aka yanke a shanya shi ya bushe, ko a binne. Kada a zuba shi a kwata ko rafi, gama gaɓa ɗaya ta isa ta zama daji. Baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda asalinta daga kogin Amazon ne, don kyan furenta mutane suka yi ta ɗaukarta ƙasa ƙasa. A 1984 ta bayyana a ruwayen Ikko, daga baya ta kai tafkin Kainji, ta toshe wa jiragen ruwa da masunta hanya.

Daga Akwati Zuwa Tafki

To, abin da ke samun akwati mai cin galan 12 shi ke samun tafkin gari, sai dai a nan hasarar ta abincin jama'a ce. Kainuwa, wadda a ke yi wa kirari da dashen Allah, in ta rufe fuskar ruwa ruf, ta zama ganyen saman da ke yi wa na ƙasa inuwa. Duk tsiron da ke ƙarƙashinta zai mutu ya ruɓe, iskar sarari kuma ba ta samun hanyar shiga. In ruwa ya yi ambaliya ya hau kan ciyawar tudu da karan gona, su ma ba su saba da nutso ba, cikin 'yan kwanaki sai su ruɓe gaba ɗaya. Ruwan farko na damina ya kan kwaso kashin shanu da juji ya zuba a kududdufi lokacin da ruwansa ya ke kaɗan, ga zafi. Kuma ruwan sama mai sanyi da iska mai ƙarfi su kan juya tafki mai zurfi, baƙin ruwan ƙasa marar iska ya taso ya gauraye da na sama.

Akwai wanda mutane ke yi da hannunsu ba su sani ba. Mai jiƙa rama don ya sami igiya, ruɓar da kara ya ke yi da gangan, kuma kowa ya san warin wurin. Dami ɗari na rama cikin ƙaramin tafki ya isa ya kashe kifinsa. Sana'a ce ta halal, ba a hana ta, amma ya kamata Dagaci ya keɓe mata rami dabam wanda ruwansa ba ya komawa inda a ke su.

Mafi ban takaici shi ne hasarar da ke biyo bayan aikin gayya. Samari su fito da lauje da adda su sare ciyawar tafki tun safe har la'asar, a yi kiɗa, a ci tuwo, a watse, a bar abin da aka sare yana iyo. Bayan kwana uku ko huɗu kifi ya mutu, a ce maƙiya ne. Haka kuma wanda ya fesa maganin ciyawa a tafki duka rana ɗaya, ko da maganin kansa bai taɓa kifi ba, ruɓar da za ta biyo baya za ta taɓa shi. Ƙa'ida ita ce a gyara sulusi ko rubu'in tafki, a dakata kamar mako biyu, sa'an nan a ci gaba. Abin da aka sare kuma a jawo shi tudu ran nan, nesa da inda ruwa zai mai da shi. A can in ya ruɓe taki ne.

Mutanen Haɗejiya da Nguru sun san wannan aiki fiye da kowa. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta sake. Wuraren da dā su kan bushe da rani suka zama ba sa rabuwa da ruwa, kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Ita kacala ta cikin ganye da kara ta ke kai wa saiwarta iska. In an sare ta sama da ruwa sai ta sake toho, in kuwa an sare ta ƙarƙashin ruwa, ruwan kuma ya ci gaba da rufe kututturen, saiwar ta kan shaƙe ta ruɓe. A nan ruɓa ta zama abin so. Duk da haka ganyen da aka sare sai an fitar da shi.

Guba Ce Ko Rashin Iska

Ga inda aikin Hakimi da Malaminsa ya ke. Da zarar labari ya zo, a tafi wurin da Sarkin Ruwa, kada a tsaya jin ta bakin masu ƙara kaɗai, gama shaidar tana bakin tafki kuma ba ta jiran azahar.

A fara tambayar lokaci. Tun da tsiro ba ya ba da iska da dare, oksijin ya kan yi ta raguwa har ya kai ƙarshen ƙarancinsa da asuba. Mutuwar rashin iska tsakanin tsakar dare da fitowar rana ta ke aukuwa, musamman bayan kwana biyu ko uku na hadari da lumshi ba iska. Za a ga kifi ya taru a sama yana buɗe baki, ko ya yi cincirindo inda sabon ruwa ke shigowa, in rana ta ɗaga kuma waɗanda suka saura su koma ƙasa. Guba ba ta da lokaci, ko da tsakar rana tana kisa, kifin kuma ya kan yi ta juyi da fizge-fizge kamar mai farfaɗiya.

Sa'an nan a dubi waɗanda suka mutu. Rashin iska manya ya ke fara kayarwa, ƙanana su tsira. Giwan ruwa ba ya jimrewa ko kaɗan, karfasa ta fi shi haƙuri. Tarwaɗa da gaiwa kuwa suna iya shaƙar iskar sarari, sabo da haka in an ga tarwaɗa tana harkarta alhali sauran sun mutu, wannan babbar alama ce. Guba ƙanana ta ke fara ɗauka, mai ƙarfinta kuma ba ta barin tarwaɗa, har 'ya'yan kwaɗi da ƙwarin ruwa ta kan haɗa. A dubi ruwan kansa. In ya yi baƙi ko ruwan toka, yana wari, ga ruɓaɓɓiyar ciyawa in an tura gora ƙasa, maganar ta karkata ga ruɓa. Ruwan da aka sa wa maganin ƙwari sau da yawa launinsa ba ya sakewa.

Alama ɗaya ba ta isa a yanke magana ba, sai sun taru. In sun nuna rashin iska ne, a bayyana wa jama'a a fili, a sallami wanda a ke zargi da mutuncinsa. Nan take kuma a nemo injin ban ruwa, a ja ruwa daga sama-sama, ba daga laka ba, a watsa shi sama ya faɗo cikin tafkin. A kwashe mataccen kifi a binne, don shi ma ruɓarsa iska za ta ci. In kuwa alamu sun nuna guba, ko magimfa ce ta gargajiya ko maganin ƙwari irin Gammalin 20, to, magana ta wuce sulhu. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana su da guba, da nakiya, da lantarki. Sai a sanar da Sarki da ƙaramar hukuma, a yi shela kada kowa ya ci kifin ko ya ƙyafe shi ya kai kasuwa, a kuma tsare dabbobi daga ruwan.

Malamin Hakimi shi ne idon ma'aikacin sashen kifi, wanda watakila ba zai iso ba sai bayan kwana biyu, lokacin da ruwa ya riga ya koma yadda ya ke. Ya rubuta kwanan wata, da sa'ar da aka fara gani, da sunan wanda ya gani. Ya rubuta irin kifin da suka mutu da girmansu, da irin waɗanda suka tsira, da launin ruwa da warinsa, da yadda sama ta kasance kwana uku kafin ranar, da ko an sare ciyawa, ko an jiƙa rama, ko an yi feshi a gonakin gefe. Ya cika kwalba mai tsabta da ruwan har baki, ya toshe, ya manna mata takarda mai sunan tafki da kwanan wata. Kifin da za a aika a gwada, a ɗauki wanda ya ke gab da mutuwa, a sa shi cikin ƙanƙara, gama wanda ya kumbura ba ya gaya wa masu bincike kome. Kwalbar don neman guba ce kawai. Oksijin kuwa a bakin ruwa a ke auna shi, sabo da haka in ma'aikacin ya iso da ma'auninsa, a ba shi masauki kusa, a tashe shi ya je tafki kafin rana ta fito.